Surukina da Cibiyar 'Yar Farina

A gidanmu ba a maganar cikin fari. Haka na tashi na tarar. Yayata ta yi watanni tana yafa zane biyu a gaban mahaifinmu, kowa ya gani, babu wanda ya nuna ya gani. Don haka da nawa ya fara fitowa, a gidan surukaina da ke Barnawa, na ɗauka ni ma haka za a yi mini: in lulluɓa, su kau da kai, har Allah ya sauke ni lafiya.

Muna zaune ne a ɗakunan baya, ni da maigidana, wanda ke koyarwa a wata sakandare. Babban gidan na Baba ne da Hajiya, iyayensa. Tun da aka kawo ni, magana tsakanina da Baba ba ta wuce gaisuwa ba. In durƙusa daga nesa, in ce ina kwana, ya amsa yana kallon wani wuri, ya ce Allah ya yi albarka. Bai taɓa kiran sunana ba. Idan na ji tafiyarsa a tsakar gida sai in koma ɗaki, shi ma idan ya hango ni a bakin famfo sai ya zagaya ta wajen gareji.

Baba ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ya yi ritaya. A can ya fara shugabancin ma'aikata, daga nan ya shiga siyasa a mulkin farar hular da sojoji suka ture tun ina yarinya. Hajiya ta ce a lokacin idan ya hau teburi yana jawabi har masu tallan gyaɗa sukan daina talla. Sojoji suka zo, ya ninke manyan rigunansa ya sa a akwati, ya jira. Ya daɗe yana jira. Da mulki ya dawo hannun farar hula ya fito da su aka kai wanki da guga, ya tafi taron jam'iyya. Yaran da ya san iyayensu suka ba shi kujera a gaba, suka ce, "Baba, kai dai ka zauna ka sa mana albarka." Zaɓen farko ya wuce haka. Ni an kawo ni ne ana shirin na biyu, kuma Baba ya rantse wannan karon zai tsaya takarar majalisar jiha.

Sai dai jiki ya ƙi. Gwiwoyinsa suna ciwo, har sallah yakan yi a zaune idan babu baƙo. Hannunsa na dama yana ɗan rawa idan ya ɗauki kofin shayi. Maigidana ya gaya mini cewa a wani taro ya miƙe zai yi magana, sunan unguwar da yake son ambata ya ɓace masa, ya tsaya yana kame-kame har wani saurayi ya tuna masa da ƙarfi, aka yi dariya.

Cikina yana wata biyar ko shida Baba ya fara aiko mini da kaya. Yau hanta, gobe ƙwai, jibi lemo da ayaba da ya tsaya ya saya a Gonin Gora. Hajiya ce ke kawowa, ta ajiye a bakin ƙofa ta ce, "In ji Babanku." Kunya ta ishe ni, don aiken yana nufin ya gani, kuma ya yarda in san ya gani. Amma a raina na ji daɗi. Na ce jikan fari ne ta wajen ɗansa namiji, ɗoki yake yi.

Da lokaci ya matso, mahaifiyata ta aiko daga Funtuwa cewa in taho gida in haihu a gabanta kamar yadda ake yi. Baba ya hana. Ya ce asibitocin Kaduna sun fi, in ya so bayan suna sai in tafi wanka. Mahaifiyata ba ta ji daɗi ba, amma ba ta ja da shi ba.

Wata rana da hantsi, maigidana yana makaranta, Hajiya ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba ba. Ta tambaye ni ko ƙafafuna suna kumbura. Ta tambayi ranar da zan koma awo. Sai ta shiga murza gefen mayafinta.

Can ta ce, "Babanku ne ya aiko ni da wata magana. Ni dai ban san ta inda zan fara ba."

Na sunkuyar da kai.

"Kin san abokin nan nasa, Ibo mai sayar da kayan mota a Kakuri? To ɗansa yana karatun likita a Turai. Wai shi ya ba ubansa labari, uban kuma ya ba Babanku suna zaune a shago. Wai Turawa sun gano wasu ƙwayoyi a cikin jinin cibiyar jariri. Sitem sel ko me suke cewa. Wai su ne asalin da jiki ke ginuwa da su, idan aka sa wa mutum sai su gyara duk abin da ya lalace a jikinsa. Tsoho ya ji ƙarfi kamar da."

Ban gane inda ta nufa ba.

"Wai idan Allah ya sauke ki, kada a binne. A ba shi."

Abin da tsofaffin mata ke wankewa a ɓoye, su naɗe a tsumma su binne a bayan ɗaki, wanda ko mijin mace ba ya leƙawa, shi surukina yake roƙo. Kuma ke nan duk watannin nan yana zaune yana tunanin abin da ke cikina. Na tuna hantar da na ci da lemon da na sha, na ji kamar in amayar da su.

Hajiya ta miƙe ta ce, "Na dai isar. Ni ma ban so ba."

Da maigidana ya dawo na gane a fuskarsa cewa ya riga ya sani. Ya zauna yana cire takalmi ya daɗe a kan ƙafa ɗaya. Na ce masa, "Malam, kai ka yarda da wannan?" Ya ce shi ma ya ji ana maganar ƙwayoyin a rediyo, ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, amma bai san iyakar gaskiyarsa ba. Na ce to ya gaya wa Baba a bari. Ya dube ni ya ce, "Ni in dubi idon Baba in yi masa maganar cibiyar ɗana?"

Na yi kwanaki ban ba da amsa ba. Ban fita tsakar gida ba sai da dalili. Sai wata la'asar ina tsintar shinkafa a ɗaki, labule a sake, na ji tafiyar Baba, wannan karon ba ta zagaya ba. Ta zo har ƙofata ta tsaya. Ya yi sallama. Na amsa da muryar da ni kaina ban ji ta ba. Na ji ya jawo kujerar tsuguno ta Hajiya, na ji nishinsa da ƙarar gwiwarsa lokacin da yake zama. Ta ƙasan labule ina ganin ƙafafunsa, ya juya mini baya, yana fuskantar katanga.

Ya ce, "'Yata, na san abin da na aiko bai dace ba."

Na ajiye shinkafar, ya ci gaba.

"Ba son duniya ba ne. Shekarun da nake da ƙarfi, na yi su ina jiran a buɗe ƙofa. Yanzu an buɗe, ƙafar shiga ta gagara. Masaƙun nan kina gani ana rufe su ɗaya bayan ɗaya, mutanen da muka yi aiki tare suna acaɓa da furfurarsu. Na san abin da zan faɗa a majalisa. Shekara huɗu kawai nake roƙo." Ya numfasa. "Abin nan ƙasa za a bai wa. Na ce ko ni a ba ni."

Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi. Mutumin da ko inuwarsa ba na takawa, ga shi a kujerar mata a ƙofar ɗakina yana roƙona. Na rasa wa nake jin kunya, ni ko shi. Na ce, "To, Baba." Iyakar abin da ya fito ke nan. Ya ce Allah ya yi albarka. Ya daɗe kafin ya iya miƙewa, ina jin yana dafa bango, kuma ban isa in fita in kama shi ba.

Ranar awo na ƙudura zan tambaya. Nas ɗin da ke duba mu wata dattijuwa ce daga kudancin Kaduna, Kirista, mai faɗa da dariya lokaci guda, kowa Sista yake ce mata. Bayan ta gama auna ni na tsaya ina gyara mayafi ban fita ba. Ta ce, "Ke kuma lafiya?" Na ce wai wata maƙwabciyata ce ta ce in tambaya mata. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Wannan maƙwabciyar taki, watan haihuwarku ɗaya ko?" Ta ja ni har ofishin likita.

Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ce gaskiya ne akwai irin waɗannan ƙwayoyi a jinin cibiya, kuma a ƙasashen waje ana amfani da su wajen yi wa wasu masu cutar jini magani, musamman yara. Amma sai an ɗebi jinin da kayan aiki na musamman, an gwada an ga ya dace da jikin wanda za a sa wa, an adana shi a sanyin da firjin gida ba ya kaiwa. Ta ce ko a can babu wanda ya tabbatar da cewa suna mayar da tsoho yaro, bincike kawai ake ta yi. Ta ƙara da cewa duk wanda ya ɗura wa dattijo jinin da ba a san dacewarsa ba, zai iya kashe shi.

Na dawo gida da sauƙi a raina. Na gaya wa maigidana duka. Shi ya gaya wa Hajiya. Hajiya ta gaya wa Baba. Daga baya na fahimci cewa a kowane baki maganar ta rage nauyi, don kowa yana tausaya wa na gabansa. Abin da ya isa kunnen Baba shi ne, likita ta ce abin gaskiya ne, amma asibitinsu ba su da kayan aiki. Sai ya shiga nema. Ya samu wani mai ɗakin gwajin jini a wajen Sabon Tasha, wanda ya ce masa ai wannan ƙaramin aiki ne, a kawo masa abin cikin ƙanƙara da zarar an haihu, zai tace ya yi masa allura. Duk wannan ban sani ba. Na ɗauka magana ta mutu, don aiken hanta bai tsaya ba, kuma babu wanda ya sake tayar da ita.

Naƙuda ta kama ni da safe. Baba ne ya kai mu a tsohuwar motarsa, ni da Hajiya a baya, ina cije mayafi don kada ya ji nishina. Na ɗauka zai sauke mu ya koma. Ban sake tunawa da shi ba sai bayan azahar, da yarinya ta faɗo, aka goge ta aka nuna mini. Ina kwance ina rawar sanyi, Sista ta leƙa waje ta dawo tana riƙe da ƙugu.

Ta ce, "Wane ne dattijon nan mai babbar riga da ya zauna a bencin mata tun safe da kula a cinya? Na ce masa ba a kawo abinci yanzu, ya ce ba abinci ba ne."

Sai ta dube ni, ta dubi kwanon da mabiyiya take ciki, ta ce, "Yesu! Shi ne maƙwabciyar?"

Akwai wasu mata biyu a ɗakin, ɗaya ta haihu, ɗaya tana kan gwiwa. Har mai naƙudar sai da ta ɗago kai. Na ja zane na rufe fuskata. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, don haka na ji komai. Na ji takun likita ta fita. Na ji ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa barka, ta ce ko zai zo ofis su yi magana. Ya ce a'a, a ba shi saƙon kawai, ƙanƙara tana narkewa kuma ana jiransa. Ta tambaye shi wa ke jiransa. Ya faɗa. Sai muryarta ta canza. A nan cikin baranda, gaban matan da ke jiran 'yan'uwansu, ta maimaita masa abin da ta gaya mini, ba ta rage komai ba. Ta ce, "Baba, wallahi idan mutumin nan ya sa maka wannan a jijiya, ba lallai ka ga sunan jikarka ba. Babu allurar da ke rage shekaru. Da akwai, da mahaifina na fara yi wa."

Wata tsohuwa ta ce, "Ikon Allah," a hankali. Wata ta yi ƙaramar dariya ta haɗiye.

Na jira in ji ya yi faɗa, ko ya yi musu, shi da ya saba jawabi. Sai kawai ya ce, "Mace ce ko namiji?"

Likita ta ce mace.

Ya ce, "Uwar lafiya?"

Ta ce lafiya lau.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To a zuba mini abin a nan duk da haka. Gida za a kai a binne, ba sai an nemi leda ba."

Hajiya ce ta shigo da kular. Sabuwa ce, ko takardar kanti ba a ɓare ba. Ta zubar da ƙanƙarar a kwatami, ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Sista ta taya ta.

Da aka sallame ni washegari, Hajiya ta gaya mini cewa shi da kansa ya haƙa ramin a bayan ɗakina. Ta ce masa ya bari a kira tsofaffin maƙwabta su yi, ya ƙi. Ita ta wanke ta naɗe, shi ya durƙusa a kan gwiwoyin nan ya sa, ya mayar da ƙasa, ya ɗora dutse. Sai da maigidana ya zo ya ɗaga shi.

Labarin bai tsaya a asibiti ba. Ɗaya daga cikin matan barandar 'yar unguwarmu ce. Ranar suna ina ɗaki cikin ƙawaye da dangi, ina ganin yadda wasu ke haɗa kai suna kallon babban gida. Wata gwaggon maigidana ta ɗauki jaririyar ta ce da ƙarfi, "Ke ce mai maganin tsufa? To ni ma a taimaka mini." Aka fashe da dariya, ni ma na yi abin da ya yi kama da dariya. A waje kuma, maigidana ya ce abokin Baba na Kakuri ya zo da kwalin sabulu, ya ja Baba gefe yana ta ba shi haƙuri, wai shi hira kawai ya yi, bai san za a ɗauka da zafi ba. Baba ya ce masa ya bar maganar.

Bayan suna na tafi Funtuwa wanka. Ban gaya wa mahaifiyata ba. Har ta rasu ba ta san dalilin da ya sa aka hana ni haihuwa a gabanta ba. Ina can aka yi zaɓen fid da gwani, maigidana ya zo duba mu ya ce Baba bai ko je ba. Wasu samari a jam'iyya sun sa masa suna, Baba Sabon Jini, kuma sunan ya bi shi har masallaci.

Da na dawo, gaisuwarmu ta ƙara gajarta. In na durƙusa sai ya amsa da sauri ya shige. Yarinyar kuwa ba ya gajiya da ita. Hajiya takan zo ta ɗauke ta da safe, in ji shi daga nesa yana ce mata amaryarsa, yana tambayarta me ta dafa masa. Ta hannun Hajiya take zuwa, ta hannun Hajiya take dawowa.

Ni kuma na kasa komawa asibitin nan. Rigakafin yarinya ma wani ƙaramin asibiti nake kai ta, mai nisa, sai na shiga mota biyu. Wata rana a kasuwa ina taya tumatir na ji an dafa kafaɗata. Sista ce, ba kayan aiki, da kwando a hannu. Na so in ɓuya babu wuri. Ta buɗe goyona ta yi wa yarinya wasa, ta yi mini faɗan guje musu. Sannan ta rage murya ta ce, "Yaya Baba da ƙafa? Na ga yadda ya tashi daga bencin nan. Ki ce ya je wajen likitan ƙashi, akwai mai zuwa asibitinmu duk mako. Ba zai mayar da shi saurayi ba, amma zai yi barci."

Wannan karon ban bi ta kan kowa ba. Da la'asar Baba yana zaune a gareji yana sauraren rediyo, na je na durƙusa a inda na saba, bayan gaisuwa ban tashi ba. Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ina kallon siminti. Ya rage muryar rediyo. Ya ce, "A asibitin nan dai?" Na ce e. Ya ce to, ya ji.

Ya ɗauki makonni bai je ba. Ranar da ya shirya, ya sa ƙaramar riga da hula, ya ce maigidana ya kai shi ya ajiye shi a bakin ƙofar asibiti, shi zai shiga da kansa. Ya dawo da ƙwayoyi da man shafawa da sandar ƙarfe mai roba a gindi. Kwana biyu sandar tana jingine a bayan ƙofa. A na uku na ji sautinta a tsakar gida, ƙwas, ƙwas, ta nufi masallaci.